Janar da Allurar Umma

A Hayin Banki an yi wani yaro ɗan ƙaramar sakandare. Shi da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Janar. Kuma a bar wasa, ya iya ƙwallon gem, irin wadda ake bugawa a talabijin. Idan ya riƙe rimot a shagon Zaharaddeen, har masu keke kan tsaya su leƙa.

Amma yana da wani hali. Idan aka zura ƙwallo, na'urar takan sake nuna ta a hankali. Ladabin shagon shi ne, wanda ya ci ya danna ta wuce. Janar ba ya dannawa. Sai ya miƙe ƙafa ya ce, "Zauna ka kalla, karatu ne kyauta."

Ana nan aka shirya gasa a Doka ranar Asabar. Mutum ɗaya ne zai wakilci shagon. Aka yi ta fafatawa, har ya rage daga Janar sai amininsa Sharhabil.

Sharhabil ne ya fara zura ƙwallo. Bai danna ba. Shi ma ya miƙe ƙafa.

"Karatu ne kyauta, Janar," in ji shi.

Shago ya kwashe da dariya. Kunnuwan Janar suka ɗau zafi. Ya daina ba da ƙwallo, ya tura duk 'yan wasansa gaba, ya bar gida a buɗe. Ya kwashe ƙafar wani, aka ba shi jan kati. Aka zura masa ƙwallo ta biyu, aka ƙara ta uku.

Sai ya yi wurgi da rimot. Bango ya nufa, amma a girar Sharhabil ya sauka. Jini ya gangaro kan rigarsa.

"Fita," in ji Zaharaddeen. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Janar ya tarar da Umma a kan keken ɗinki. Labari ya riga shi isa gida. Ya fara cewa rimot ɗin ne ba ya ji.

"Kai ne dai ba ka ji," in ji Umma. Ta miƙa masa allura da zare. "Sa min."

Ya gwada, zaren ya kauce. Ya sake, ya soki yatsa. Hannunsa sai rawa yake yi.

"Umma, hujin allurar ya yi ƙanƙanta."

"Ajiye. Sha ruwa. Ja numfashi a hankali."

Ya yi yadda ta ce. Da ƙirjinsa ya lafa, zaren ya shige salin alin.

"An faɗaɗa hujin ne?" Umma ta tambaya.

"A'a."

"To da wannan hannun mai rawa ka buga ɗazu. Abin da ka daɗe kana yi wa 'ya'yan mutane ne aka ɗanɗana maka sau ɗaya. Tashi mu je."

A gidan su Sharhabil, an ɗinke girar, idon ya kumbura ya rufe. Janar ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, ya kasa ɗaga kai. Da ƙyar ya ce, "Mama, ku yafe mini." Sharhabil ya juya fuska bango.

Kullum bayan makaranta Janar yakan je ya zauna kusa da shi. Ba ya ko ambaton gem. Ran nan Sharhabil ya ce, "Da ido ɗaya ba zan ga gola ba. Kai za ka je Doka. Na roƙi Zaharaddeen. Amma in ka sake jifa, ka auna kanka."

A wasan ƙarshe a Doka, wani yaron unguwar Abakpa ya fara zura masa ƙwallo. An riga an ba shi sirrin Janar, don haka ya ƙi dannawa, yana ta murmushi. Zafin nan ya taso. Janar ya ɗora rimot a cinya. Ya ja numfashi, ya tuna allurar. Sannan ya kalli ƙwallon da kyau. A nan ya ga cewa shi ne ya janye ɗan bayansa da wuri.

Bai sake janye shi ba. Ya rama, daga baya ya ƙara ta biyu. Duka biyun, ƙwallo na shiga raga ya danna ta wuce.

Da aka tashi, Sharhabil ne ya fara ɗaga kofin, da filasta a gira.

Yara, mai fushi ba ya ganin fili, komai iyawarsa. Idan aka ci ku, ku natsu ku duba kuskurenku. Idan kun ci, kada ku wulaƙanta wanda kuka ci.