Layin da Sallau Ya Bari Babu Komai

Ku matso. Na gaji da maimaita wannan zance ga kwamitin makaranta, gara ku ku ji.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da rajistar firamaren garinmu, ban taɓa kankare ko harafi ba. Da na yi ritaya, kwamiti ya ce a zuba sunayen a kwamfuta, don tsohon ɗalibi ya riƙa samun shaidarsa cikin sauƙi. Aka ba Sallau aikin, ɗan ƙanen mahaifina, wanda wannan ce sana'arsa. Aka ajiye na'urar a tsohon sito, bayan aji shida.

Ya ce min manhajar kwantena uku ce, kamar ɗakuna uku a gida ɗaya. Ɗaya na ajiye sunaye, ɗaya na nuna su, ɗaya na buga shaida. Akwai ɗan fayil mai ɗauke da adireshi da kalmar sirri, wanda kowace za ta karanta kafin ta tashi. Kwana huɗu mai nunawar tana cewa ba ta ga kalmar ba.

A rana ta biyar, da rana tsaka, ana hutu, ba kowa. Sallau ya kashe ya kunna har idonsa ya yi ja.

"Yaya Laraba, wallahi kalmar tana ciki. Ga ta nan."

"To a kai mata mana."

Sai muka ga mutum a bakin ƙofa. Ba sallama. Fararen kaya, tsaf. Yana gabanmu, amma da ya yi magana, ta bayanmu muryar ta fito.

"Fayil ɗin ba ya inda kake ba da umarni. Matsar da shi. Kuma kashewa da kunnawa ba ya sa kwantenonin su sake karanta shi. Rushe su, ka gina sabbi."

Sallau ya yi haka. Sunaye suka cika allo.

"Me za mu ba ka, Malam?" in ji Sallau.

"Layi ɗaya a fayil ɗin. Kar a rubuta komai a kansa."

Na ce ban yarda ba. A aikinmu, layin da ya rage a rajista jan biro ake bi ta kansa, don kar wani ya shiga. Sallau ya ce, "Yaya, don Allah. Na gaji." Ya bar layin. Muka waiga, ƙofa fayau.

Bayan mako guda kwamiti ya kira ni. Kowane aji na kowace shekara ya ƙaru da ɗalibi ɗaya. Suna ɗaya, Tanimu, ba sunan uba. Bai taɓa fashi ba. A ƙasa, sunana a matsayin mai tabbatarwa. Suka ce na cusa ɗalibin bogi. Ni! Sallau ya cike layin sau uku, kashegari sai ya tarar da shi wayam.

Na ɗauki rajistata ta takarda na koma siton ni kaɗai, da rana tsaka, don a fitar min da haƙƙina. Na buɗe shekarar farko. Na kira suna arba'in da biyu, ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Na rufe littafin.

"Ina nan, Malama," in ji muryar, dab da ƙeyata.

"Ban kira ka ba."

"Shi ya sa. Shekara talatin da ɗaya ina bencin baya. Ban taɓa makara ba. Ba ki taɓa kira na ba."

Ban gudu ba. Na fito a hankali ina karanta abin da ya zo bakina.

Na rubuta wa kwamiti wasiƙa uku, a wanke sunana a rubuce, da hatimi. Gobe zan kai ta huɗu. Ku kuwa, kar wanda ya shiga siton nan shi kaɗai. In kuma ka shiga ka ji an amsa a bayanka, kar ka tambayi wane ne.