Saurayin Da Ya Ƙi Ci Gaba

Na san za a ce ƙari na yi, amma a garinmu Robinvale an yi saurayin da ya roƙi maigidansa kada ya ɗaukaka shi, ba don komai ba sai don soyayya.

Kalolaine na cikin kicin tana jera wa mahaifinta magungunan ƙoda, Siaosi da zai aure ta ya shigo da ƙurar gonar inabi a jikinsa.

"An sake yi mini tayin shugaban ma'aikata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Mahaifiyarta ta ajiye wuƙar feraye gwaza. "Ka karɓa, ka aure ta, hukuma ta haɗa albashinka da sunanta, ta yanke kuɗin jinyar mahaifinta da take ba ta, ta ƙwace katin rangwamen magani. To ɗana, tsohon nan girmanka zai haɗiya safe da yamma?"

Siaosi ya sunkuyar da kai. Ya ƙi a karo na biyu, aka ba wani da shi ya koya wa aiki.

Kalolaine ta zuba ido tana ganin yadda yake dawowa da rana tsaka, ƙato guda, yana gudun aiki kamar mai gudun bashi, don kada abin da yake samu ya haye iyakar da hukuma ta gindaya. Dariyarsa ta ƙafe. Ranar da ya ce, "Kalo, na zama gwanin zama," ta shiga banɗaki ta yi kuka har ta gaji. Ta gane auren ne ke mutuwa tun ba a ɗaura ba.

Sai ta tafi wurin Gwaggo Melenaite, yayar mahaifinta. A wurinmu mutanen Tonga, idan gwaggo ta yi magana, ko limamin coci ba ya ɗorawa.

Ranar Lahadi Gwaggo ta tara dangi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Da ƙanina yau ya mutu, da kun cika gidan nan da tabarmin da kuka gada da ambulan cike da kuɗi na gani-na-faɗa. Wato gawarsa ta fi numfashinsa daraja? Ku kawo yanzu, kowane wata, yana gani. Kai kuma Siaosi, je ka karɓi aikinka, ka daina ƙanƙantar da kanka don ka shige ƙofar hukuma."

Siaosi ya karɓi aikin, tallafin hukuma ya yanke. Sun sha wuya, domin dangi ma wani watan mantawa suke yi. Amma magani bai taɓa yankewa ba, kuma tsohon da kansa, a keken guragu, ya miƙa 'yarsa ranar ɗaurin aure.

'Yan mata, ku riƙe wannan: haƙuri ado ne, amma ba a raya gida da danne mai ƙoƙari. Mai shakka ya nemi Losaline Fifita, shugabar mawaƙan cocinmu, a gabanta aka yi.