Rancen da Tela Ba Ta Ci Ba

Ma'aikacin bankin ya daɗe yana kallon kwamfutarsa kafin ya ɗago kai.

"Kin ce babu bashin kowa a kanki."

"Babu," in ji Tela.

"Akwai namu. Tun bara kika karɓa. An fara biya, sannan aka daina."

Tela ta riƙe gefen tebur. Ta yi shekaru a ƙasar nan tana ɗinki a falonta, kuma baƙo ba ya samun rance sai yana da katin zama na dindindin. Nata ya fito tun bara, amma sai yanzu ta yi ƙarfin halin zuwa, don ta kama wani ɗan shago a bakin titi ta sayi babban keke. Mai shagon ya ce zai jira ta zuwa ƙarshen wata.

"Wallahi yau na fara shigowa nan."

"Ba sai an shigo ba, ta waya aka nema." Ya tura mata katinta da ɗan yatsa. "Abu biyu ne. Ko dai ƙarya kika yi mana, mu kai rahoto, kin kuwa san abin da hakan ke jawo wa katin baƙo. Ko kuma wani ya yi amfani da sunanki, ki kawo mana shaida daga 'yan sanda."

A caji ofis aka haɗa ta da Sufeto, wata doguwar mace marar yawan fara'a. A ƙasar aka haife ta, amma iyayenta baƙi ne, don haka tana jin yaren su Tela. Ta saurari Tela har ƙarshe ba ta ce mata sannu ba. Ta sha ganin wanda ya ci bashi da hannunsa, ya zo yana kuka wai an cuce shi.

"Wa ya taɓa riƙe katin nan ban da ke?"

"Tafinta, mai cika mana takardu. Sai ƙanin maigidana, da yake a falonmu yake kwana."

"Maigidan fa?"

"Direban babbar mota ne. Sai ya yi wata bai kwana gida ba."

"Wa ya san katin ya fito?"

Tela ta sunkuyar da kai. "Kowa a benenmu. Murna ta sa na yi ta nunawa."

Sufeto ta aika wa banki buƙatar duk abin da ke hannunsu, ta ɗauki jakarta suka fita.

Benen tsoho ne, baƙi ne suka cika shi. A ƙasan matakala akwai akwatunan wasiƙu, rabinsu babu makulli. Tun a waya banki ya ce ta nan aka aiko da katin cirar kuɗin rancen. Sufeto ta ja murfin akwatin Tela da farce, ya buɗe.

Tana nan tsaye wata budurwa ta sauko da gudu, ƙamshi na bin ta, ta rungume Tela. 'Yar Gayu ake ce mata, mai kwalliya ce, ɗakinta na saman na Tela.

"Yaya, na ji! Innalillahi! Ranki ya daɗe, kada ki wahalar da kanki, Tafinta ne. Mutumin da ke da kwafin takardun unguwa kaf? Ni tun farko idonsa bai yi mini ba."

"Ke ma ya cika miki takardu?" in ji Sufeto.

"Ni? Katina na ɗan lokaci ne, wa zai kula ni?" Ta yi dariya, ta share wa Tela hawaye da gefen hannu.

Ofishin Tafinta wani lungu ne a bayan shagon gyaran waya. Da ya ga katin aikin Sufeto sai ya cire tabarau ya mayar.

"Kana ajiye kwafin katunan mutane?"

"Ina ajiyewa. In ba haka ba kullum sai sun ɓatar sun dawo mini."

"Har da na Tela?"

"Har da nata. Amma ranki ya daɗe, kwafi ba ya ciwo bashi. Manhajar banki sai ta ga katin kansa, a karkata shi yana walƙiya. Sannan ta ga mai katin a raye, ya juya kai, ya ƙifta ido."

"Ka san hanyar sosai."

"Abincina ke nan. Wanda ya san hanya ai shi ya fi sanin inda ba ta ɓullewa."

Sufeto ba ta wanke shi ba. Ta dai rubuta abin da ya faɗa.

Ƙanin miji ya fi ba ta aiki. Sun same shi a falo, tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, yana latsa sabuwar waya. Yana ganin baƙuwa ya tura wayar ƙarƙashin cinya.

"Ina ka samu kuɗin wannan?"

"Aiki nake yi."

"A ina?"

Ya kau da kai, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Kai, ɗan nema, yi magana mana!" in ji Tela. "Kullum bakinka ba ya rufuwa a kan miyata, yau ka zama kurma?"

"Matar yaya, ki bari." Ya dubi Sufeto. "A rumbun kaya nake dako. Amma da katin wani abokina. Nawa bai ba ni damar aiki ba."

"Aron suna ke nan," in ji Sufeto.

"Kowa na yi, ranki ya daɗe. Mai kati ya ara maka, ka riƙa ba shi wani abu. Amma da saninsa! Ni in ci bashi da sunan matar yayana? In kwana ina?"

"Yau ba wannan na zo nema ba," in ji Sufeto. Ta lura numfashinsa ya dawo daidai tun kafin ta rufe baki. Da a ce shi ne ya ci bashin, da tsoronsa bai tafi da wuri haka ba.

Washegari saƙon banki ya iso. Sufeto ta rufe ƙofar ofis ta kunna ɗan bidiyon da aka tantance mai rancen da shi. Tela ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce da kanta, tana juya kai dama, tana juya hagu, tana ƙifta ido, har da murmushi.

Sufeto ta yi tsaki. Ta ɗauki waya za ta sa a kawo mata matar, sai ta ajiye. Ta sake kunna bidiyon, ta tsayar da shi, ta ƙara girman fuskar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta buga hoton a takarda ta nufi benen.

Tela na kan keke lokacin da aka ajiye mata hoton a kan yadin da take ɗinkawa.

"Wace ce wannan?"

Ƙafar Tela ta tsaya. "Ni ce."

"To me za ki ce mini?"

"Na rantse da Allah ban..."

"Bar rantsuwa. Jiya kina cikin gidanki, amma da ɗankwali har kan kunne, saboda ƙanin mijinki na nan. A nan kuwa ba ɗankwali, ba 'yan kunne, an tattare gashinki baya. A gaban wa kike zama haka?"

Tela ta ƙura wa hoton ido. Yatsanta ya sauka kan wani baƙin ƙyalle da ya rufe mata kafaɗu a hoton. A hankali idonta ya tashi zuwa silin, inda ake jin takun takalmi mai tsini, sannan ta yi maza ta sauke shi.

"Ban tuna ba," in ji ta.

"Kin tuna," in ji Sufeto. "Taso mu je."

'Yar Gayu ta buɗe ƙofa da fara'a, fara'ar ta ɗan rage da ta ga su biyu.

"An kama shi?"

"Saura kaɗan. Yau aiki na kawo miki. Ina da taro da yamma, an ce hannunki na da kyau."

"Kai, ranki ya daɗe, wannan fuska ai ba ta buƙatar komai! Bismillah, zauna."

Ɗakin ƙarami ne, an raba shi da labule. Kujera ɗaya, madubi, da wata fitila mai zagaye kamar zobe a kan sanda. 'Yar Gayu ta karɓi jakar Sufeto ta rataye a bayan labule, wai kada hoda ta ɓata ta. Ta ce a cire ɗankwali da 'yan kunne. Ta tattare mata gashi baya, ta yafa mata baƙin ƙyalle ta maƙale a wuya, ta kunna fitilar. Sufeto ta dubi madubi. A cikin kowane idonta akwai ɗan farin zobe.

"Bari in ɗauki na kafin a fara," in ji 'Yar Gayu. "In an gama mu ɗauki na bayan, ki ga bambanci." Ta ɗaga waya, ta ɗauka sau ɗaya, ta ajiye.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba za ki ce in juya dama ba? In juya hagu, in ƙifta ido?"

Burushin da ke hannun 'Yar Gayu ya tsaya a iska.

"Ni haka kika ce mini," in ji Tela daga bakin ƙofa, muryarta can ƙasa. "Ranar da 'yata ta gama makaranta. Kika ce sabon salon talla ne. Har sau uku muka yi, kina cewa bai ɗauku ba."

"Yaya, ai kowa ina yi wa..."

Sufeto ta cire ƙyallen daga wuyanta, ta ninke, ta ɗora hoton a kai.

"Zauna ki ji. Manhajar banki ba ta karɓar fuskar da aka rufe kunnuwanta, ko wadda ta sha kwalliya. Tafinta da ƙanin miji ba za su taɓa ganin matar nan haka ba. Ke kaɗai ce mutum zai zauna miki da fuska a wanke, ki ce ya juya ya juya, bai tambaye ki dalili ba. Katinta na cikin jaka a bayan labulen nan, ita kuma tana zaune ido a rufe kina shafa mata. Katin cirar kuɗi ya zo akwatin da ko yaro zai buɗe, kina wucewa ta gabansa kullum. Ga ƙyallenki a kafaɗarta. Ga fitilarki a cikin idonta. Kin saba da kunna ta har kin manta tana barin alama."

'Yar Gayu ta zauna a bakin gado.

"Abu ɗaya ya tsaya mini," in ji Sufeto. "Ɓarawo ba ya biyan bashi. Me ya sa kika fara biya?"

"Don ni ba ɓarauniya ba ce!" Kuka ya ƙwace mata. "Aro na yi. Kowa a benen nan da sunan wani yake ci. Na je banki suka kore ni saboda katina. Wani ya ce zai samo mini na dindindin in na kawo kuɗi, ya karɓa ya ɓace. Ina biya a hankali, wallahi, kasuwa ce ta tsaya. Na ɗauka zan gama ba ta sani ba."

"Mai aro yana tambaya," in ji Sufeto.

'Yar Gayu ta zube ƙasa ta kama ƙafar Tela.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ki ce da saninki. Ki ce ke kika ara mini. In aka kai ni kotu mayar da ni za a yi, kin san abin da na baro. Yaya, wa ya kwana da ke a asibiti? Wa ya yi wa 'yarki kitso?"

Tela ta dubi Sufeto. "In na ce da sanina fa?"

"Bashin ya zama naki. Ƙaryar da banki ke zargi ta tabbata. Shago ya tafi, katinki ma sai abin da hukuma ta gani."

"In na ce ban sani ba?"

"In rubuta miki shaida yau, ki kai banki gobe. Ita kuma ta bi ni."

Tela ta daɗe tana kallon kan yarinyar da ke durƙushe a gabanta. Ta sa hannu ta gyara mata gashin da ya zubo.

"Da kin tambaye ni," in ji ta, "wataƙila da wautata na ba ki."

Ta sunkuya ta ɓamɓare yatsun daga ƙafarta ɗaya bayan ɗaya.

"Ranki ya daɗe, rubuta. Ban sani ba."