Harafi Ɗaya

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Juwairiyya ta faɗo caji ofis na Boɗinga, mayafinta a karkace. Ita ce shugabar Taskar Magabata, wata ƙaramar cibiya da ta shekara tara tana bin gidajen malamai tana ɗaukar hoton tsofaffin littattafan ajami, tana kuma naɗar muryoyin dattawa.

"Yallaɓai, an kashe mu da ranmu," ta ce wa Insfekta Arzika. "An hwasa ohis, an kwashe komi."

Da suka isa, Arzika ya ga ba komai aka kwashe ba. An dai ɓalle kwaɗon ƙofa, amma baturan sola na nan, kwamfutar hannu na kan tebur, har fanka ba a taɓa ba. Babbar kwamfutar da ke kusurwa kaɗai aka buɗe, aka zare faya-fayan ajiyarta duka.

Ya durƙusa. Kusoshi huɗu da aka kwance suna jere a kan murfin kamar an auna.

"Mi ke cikin faifan, Hajiya?"

"Shafi dubu arba'in da wani abu. Da muryar mutum ɗari uku. Fiye da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya."

"Littattafan na asali fa?"

"Mun mayar wa masu su. Wasu ambaliya ta ci, wasu gara."

Ya rubuta a littafinsa. Shekara ashirin yana aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawon da ya bar batir ya tsaya jera kusoshi ba.

Maigadin cibiyar, Baba Muhammad Sani, dattijo ne da ya haura saba'in. Ya rantse cewa jiya Juma'a bai gusa daga bakin ƙofa ba.

"Baba, telan da ke tsallaken titi ya ce ya ga ka hau babur tun kafin azahar."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Jana'izar ƙanena na tahi Danchadi, yallaɓai. Sai bayan la'asar na komo, ban ko duba ƙofar ciki ba."

"Wa ya san za ka tafi?"

"Malam Abdulrazak. Shi ya ce in tahi, amma kada Hajiya ta ji."

Arzika ya kai wa Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, wannan bayani, amma bai saurara ba. Maigadi ya bar aiki, ya kuma yi ƙarya, don haka ya ce a sa shi a sel. Arzika ya tsaya yana kallo ana karɓe wa tsohon hula da carbi, zuciyarsa ba daɗi.

Abdulrazak shi ne mai kula da na'urorin cibiyar. Mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, mai tsabta, mai magana a hankali. Idanunsa sun yi ja.

"Ina kake jiya?"

"Dandin Mahe, ɗaurin auren abokina. Tun safe na bar gari."

"Kai ka ba maigadi izini?"

"Tausayi ne, yallaɓai. Ban san haka za ta faru ba."

"Wa kake zargi?"

"Ba na son kama suna. Amma wadda ta ɗora wa kwamfutar nan Linux, tsarin da take aiki da shi, tun farko, Malama Salamatu, har yau tana da kalmar sirrin da ke buɗe komai. Ba da daɗi ta bar nan ba. An ba ni kujerarta, ita aka tura ta ɗakin karatunmu na Shagari, daga baya ta ajiye aikin."

Bayan azahar Arzika ya kama hanyar Shagari. Kafin ya nemi matar, ya biya ɗakin karatun, ya karɓi rajistar baƙi ya duba. Sannan ya aika aka kira ta daga makarantar da take koyarwa kusa da nan, inda take yi wa ɗalibai darasin Asabar.

"Malama, yaushe rabonki da na'urorin cibiyar?"

"Tun da na bar aiki, bara."

Ya juya mata rajistar. "Wannan sa hannun wa ye? Kowace Lahadi, wata goma sha ɗaya."

Salamatu ta zauna a kan benci.

"Ni ce. Ba na taɓa komi, dubawa kawai nake yi. Abin da ka raina da hannunka, ba ka iya juya mishi baya."

"Mi kike dubawa?"

Ta nuna wata ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashin tebur. Ta ce tsarin Linux ba ya mantuwa: duk wanda ya shiga, duk umarnin da ya bayar da ikon mai gida, sai ya rubuta sunansa da lokaci. Ita kuma tun tana aiki ta saita babbar kwamfutar ta riƙa aiko kwafin wannan rajista nan Shagari. Abdulrazak bai sani ba.

"Littattafan ma suna nan ke nan?" Arzika ya tambaya da sauri.

"A'a, yallaɓai. Sabis ɗinmu na intanet ba ya ɗaukar hotuna. Rajistar kaɗai."

Ta kunna. Fararen haruffa suka cika baƙin allo. Ta fara nuna masa wani layi da ya yi ta maimaituwa tun watan bazara.

"Faifan ko-ta-kwana, wanda ake kwafe komi a cikinsa, ya mutu wata bakwai da suka wuce. Sau uku ina kiran Abdulrazak. Ya ce zai gyara."

"Kin faɗa wa Hajiya?"

"Ban faɗa ba. Na ji tsoron a ce kujerata nake nema." Ta kalli allon. "Da na faɗa."

Ta gangara zuwa ranar Alhamis. Nan hannunta ya tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dafe kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Yi min bayani, Malama."

"Kowane faifai da harafinsa. Taskarmu ita ce b. Ya jona sabon faifai, shi ne c. Ya so ya share sabon don ya fara kwafi. Sai ya buga b."

"Wa ya buga?"

Ta sa yatsa a kan sunan Abdulrazak. Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in na safe. A ƙasa kuma ga layin ƙarshe: ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya da kwata, sunan nan dai ya shiga, ya kashe na'urar a tsanake kamar yadda aka koya masa.

"Amma akwai sauran dama," in ji Salamatu, ta miƙe tsaye. "Irin wannan sharewa kamar a yage shafin da ke nuna babi ne, sauran littafin na nan. In dai faifan na hannunsa, zan iya ceto mafi yawa. Don Allah ka yi sauri."

Tare suka koma Boɗinga. Arzika bai taɓa taka mota irin na ranar ba.

Da la'asar aka zaunar da Abdulrazak a ofishin Insfekta, Hajiya da Salamatu suna gefe. Arzika ya ajiye masa takardar da aka buga.

"Na kira angon Dandin Mahe, ya ce sai bayan la'asar ya gan ka. Wannan kuma ta ce ƙarfe ɗaya da kwata kana Boɗinga. Ina faifan?"

Abdulrazak ya kalli takardar, ya kalli Salamatu.

"Harafi ɗaya ne," ya ce. "Wallahi harafi ɗaya. Ina danna shi na gane, amma ya riga ya wuce. Na kasa kallon idon Hajiya. Muryar mahaifinta na ciki. Na ce in aka ce sata ce, ƙaddara ce, ba wanda za a tsine wa."

"Ka bar tsoho a sel, ka shafa wa baiwar Allah kashin kaji. Ina faifan?"

"Na sa guduma na farfasa shi tare da sauran. Na zuba a tsohuwar rijiyar fadama, hanyar Danchadi."

Salamatu ta juya gare shi.

"Da ka bar shi yadda yake, Abdulrazak. Da ka kira ni. Kwana biyu sun ishe ni."

Ya ɗago kai a hankali. "Ana iya dawo da shi?"

Sai ya kifa fuska a kan tebur ya fashe da kuka irin na wanda aka yi wa mutuwa. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon bango, hannuwanta a kan cinya.

Arzika ya sa aka fito da Baba Muhammad Sani, aka mayar masa da hularsa da carbinsa, ya ba shi haƙuri da bakinsa. Sannan saja ya sa wa Abdulrazak ankwa. Ba gardama, ya bi shi kamar rago.

A bakin ƙofar caji ofis wani dattijo ya sauko daga babur, rigarsa duk jar ƙasar hanya. Ya gaida Insfekta, ya juya ga Hajiya da fara'a.

"Hajiya, na je ohis anka ce kina nan. Daga Kajiji nike. Littafin babanmu da kunka ɗauki hoto nai, gobara ta ci shi da damina. Na ce alhamdu lillahi, ai yana wurinku. Jikokina nika son a buga ma."

Hajiya ta kau da kai daga dattijon. Ta dubi Arzika.

Insfekta ya cire hularsa, ya jawo benci.

"Zauna tukuna, Baba," ya ce. "A kawo maka ruwa."