Jirgin da Aka Sace a Gonar Larai

Wanda bai taɓa ganin tsuntsun jan-baki ya sauka a gonar shinkafa ba, kada ya ce ya san bala'i. A tsakiyar wannan masifa ce Larai ta faɗo caji ofis na Haɗeja, laka har gwiwa.

"Ranka ya daɗe, an sace mini jirgin sama."

Sufeto Caleb bai yi dariya ba. Shekararsa tara a fadamar nan, ya san jiragen gwangwanin da tsohon mai fenti, Mala, ke ƙerawa. A kan doguwar sanda ake kafa su, ƙyallinsu ya kori tsuntsu. Shinkafar Larai kuwa saura kwana goma a yanke, ita ce abincin marayunta huɗu.

A gonar ya tarar an sare sandar. Sawun ƙafa ya nufi gabas, ya ɓace a ruwa.

Ya wuce rumfar Mala.

"Yallaɓai, ambaliya uku ta ci rumfar nan, ba ta ci ni ba. Buroshi bai taɓa jirgina ba! Da famfon fulit na maganin sauro nake fesa fentin azurfa, sau uku, kowanne ya bushe a inuwa."

"Baba, wa ya zo nan kwanan nan?"

"Usaini, maƙwabcinta na gabas. Koren fenti ya nema, na ce ni ba mai fentin ƙofa ba ne."

Su uku, shi da Mala da Larai, suka je gonar Usaini. Ga koren jirgi a kan sanda, jan-baki sun jeru a fukafukansa kamar fasinjoji.

"Ina ka samo shi?"

"Kasuwar Kafin Hausa, yallaɓai."

"Wurin wa?"

"Wani baƙo ne."

Mala ya sauke jirgin, ya shafa. Ya zaro gashin buroshi daga fentin, sannan ya kankare da farce. Azurfa ta leƙo.

"Kai, sakarai! Ka sace shi, kuma ka kashe masa ido?"

Usaini ya zube a laka.

"Ni ne. Idan jirginta ya koro su, gonata suke sauka. Kwana shida ina ihu da buga garwa, har muryata ta tafi. Na shafa kore don kada a gane."

"Ya kore maka su?"

"Ko ɗaya."

Larai ba ta ko dube shi ba.

"Baba Mala, yaushe zai gyaru?"

"Kankara kwana biyu, feshi kwana shida, 'yata."

Ta juya ta kalli gonarta. Rabin zangarniyar ya riga ya zama ƙaiƙayi.

Sufeto ya sa wa Usaini ankwa.

"Yallaɓai, wa zai tsare mini tawa gonar?"

Caleb ya tura shi gaba. Kafin su kai bakin titi, wani sabon garken jan-baki ya taso daga kogi, ya rabu biyu, kowanne ya ɗauki gona guda.