Kitson Arhet

A bikin wani abokinsa a garin Keren Habtom ya fara ganinta. Shi ke kaɗa kebero, gangar rataye a kafaɗarsa, lokacin da 'yan matan ƙabilar Bilen suka shigo fili don rawar shelil. Arhet ce a tsakiya, tana juya kai, dogon kitsonta na lilo hagu da dama. Ya shagala da kallo har kiɗan ya karkace.

Da aka tashi ta tsaya gabansa tana haki.

"Makaɗi, ka ɓata mana rawa."

"Laifin gashinki ne."

"To gobe in zo da ɗankwali?"

"Ke dai ki zo."

Shekara guda suka yi ba mai jin kansu. Ya koya mata rawar kafaɗa ta mutanensa Tigrinya, tana tsokanarsa wai kamar mai masassara.

Sai ta ɗauke ƙafa, wayarta kullum a kashe. Wani ya ce ya ganta a motar wani saurayi sun nufi Asmara. Habtom ya jingine gangarsa, ya tura mata saƙo:

"Zumata, in kin samu wanda ya fi ni, ki faɗa min da bakinki. Zan jure."

Sai bayan wata biyu amsa ta zo:

"Ɗan kawuna ne ya kai ni asibiti. Ciwon daji ne, Habtom. Maganin ya zubar min da gashi gaba ɗaya. Wadda ka gani a fili ba ta nan. Ka yafe min, kada ka zo."

Washegari ya shiga motar farko zuwa Asmara. Ya same ta a gado ta rame, kanta naɗe da farin mayafi. Ta juya fuska ga bango. Ya zauna ya riƙe hannunta, hawayensa na zuba.

"Na ce kada ka zo."

"Na gani. Ban taɓa jin maganarki ba, yau zan fara?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da ya ce zai aure ta, mahaifiyarsa, Adey Letay, ta ƙi. "Kai kaɗai yaƙi ya bar min. Likita ya ce ƙila ba za ta haihu ba, ƙila ma ba za ta daɗe ba. In binne miji, in zo ina kallonka kana binne mata?"

"Adey, ko shekara ɗaya ce, ina so ta zama tawa."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A na huɗu ta soya kofi, ta ƙulla injera, abincinsu mai kama da sinasir, ta ce ya kai ta asibitin. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta zauna ta shiga ba ta abinci a baki.

Bayan damina aka ɗaura auren. Da aka buɗe da'irar rawar guayla, Arhet ta yi zagaye ɗaya, a na biyu ƙafafunta suka gaza. Habtom ya tare ta, Adey Letay ta kama ɗaya hannun, suka ƙarasa zagayen su uku, a hankali, makaɗa suka rage sauri don su.

Tsohuwar ta sumbaci goshinta. "'Yata, Allah Ya ara mana ke. Ya ba ku kwana mai yawa, in kaɗan ne Ya sa masa albarka."

Jama'a suka amsa da amin, mata na guɗa suna share hawaye.