Murjanin Yaya Naila

Wanki ne ya fito da Awawu daga ɗaki ana daf da magariba. Da safiyar ranar ta sauko daga jirgin ruwa a Baltimore, washegari kuma za ta hau wani, ga shi kayan sawarta duk sun yi datti. Ta cika kwando, ta zura silifas, ta gangara ɗakin wanki da ke ƙarƙashin benen da take haya a Greenbelt. Har lokacin ƙafafunta ba su yarda sun dawo tudu ba, duk matakalar da ta taka sai ta ji tana ɗan lilo da ita.

Awawu 'yar zangon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Tun da ta zo Amurka ba ta san wani abu wai shi hutu ba, daga gidan wannan tsohuwa sai gidan wancan tsoho. Mutum ɗaya ta riƙe a ƙasar nan, ita ce Naila, 'yar Accra mai shagon atamfa da turare a Largo. Naila ce ta samo mata aikin fari. Naila ce ta zauna da ita ranar da aka bugo aka ce mahaifiyarta ta rasu, ita kuma babu halin zuwa gida. Shi ya sa ko a bayan idonta Awawu ba ta kiran sunanta gatsau, sai dai Yaya.

Naila ɗin ce ta zo da maganar yawon teku.

"Jirgi biyu za mu shiga, ɗaya bayan ɗaya," in ji ta. "Mu sauko daga wannan, mu hau wancan. Na gama komai. Ke dai kawo fasfo da cikinki."

"Yaya, me zai hana mu yi zamanmu a jirgi ɗaya?"

"Miya ɗaya za ki yi ta sha? Canji ai akwai daɗi paa."

A jirgin farko Awawu ta yi ƙauyanci son ranta, kuma ba ta ɓoye ba. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, sai ga ta a kan bene mai tafiya. Har tawul ɗin da aka naɗe a kan gado sai da ta ɗauka a hoto. Ta ci ta ƙoshi, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. A yammacin ƙarshe suna tsaye a bakin ƙarfen jirgi, Naila ta kwance zaren murjanin da ke hannunta. Tun da Awawu ta san ta ba ta taɓa ganin hannun babu shi ba. Ta ɗaura mata a na hagu, ta ƙulla, ta sake ƙullawa. Sannan ta ɗaga hannun Awawu ta miƙa shi saman ruwa, ta riƙe shi a haka na ɗan lokaci, wai tana duba yadda ja ya karɓi fatarta.

A wajensu, in babba ta ɗaura miki abu da hannunta, ba kya kwancewa a gabanta, ba kya kwancewa a bayanta. Kwancewar yanke zumunci ce. Awawu ta yi kuka don daɗi, baiwar Allah.

Da suka sauko, Naila ta so su kwana tare a otal kusa da tashar jirgi. Awawu ta ce ita sai ta je gida ta yi wanki. Fuskar Naila ta ɗan canza.

"To je ki, amma kar ki yi wanki yau. Zan saya miki sabbi a cikin jirgi."

Awawu ta ce to. Amma wadda ta saba wanke kayan wasu ba za ta iya kallon nata da datti ba, balle a ce an ƙara yi mata wata hidimar bayan wadda aka riga aka yi.

Babu kowa a ɗakin wankin. Doguwar fitilar sama tana ta zizar da ta saba. Ta 'yar tagar da ke daf da rufi ana jiyo gurnanin motoci a kan babban titin Beltway, hasken yamma kuma ya koma ruwan toka. Warin sabulu da na bilic ya cika wurin. Ta zuba kaya a inji, ta ɗauraye hannunta a famfon kusurwa, ta kunna injin, ta zauna a benci tana kallon zannuwanta suna juyawa a bayan gilashi.

Ta goge hannu a jikin rigarta. Hannun ya bushe, amma zaren murjanin bai bushe ba.

Ta sake gogewa. Ɗigo ya taru a jikin murjani, ya gangara tafin hannunta, ya faɗi ƙasa. Wani ya biyo shi.

Sai warin ya canza. Sabulu ya gushe, ƙarni ya maye gurbinsa, irin na bakin teku in ruwa ya janye. Ta waiga ko wani ne ya shigo da kifi. Ƙofa tana rufe kamar yadda ta bar ta.

Injin ya tsaya.

Ƙarar ruwa ba ta tsaya ba. Ba daga injin take fitowa ba. A tsakiyar daɓen akwai ramin magudana mai murfin ƙarfe, inda ruwa ke bi in ya zube. Yanzu ramin ne ke amayo ruwa. Yana tasowa, yana komawa, yana tasowa, kamar mai numfashi.

Benci ya karkata hagu a hankali, ya dawo dama. Wannan karon ba ƙafafunta ba ne. Kwandon wanki ya zame da kansa ya bugi bango.

Motocin Beltway sun yi tsit. Can nesa, a inda babu ko kogi, jirgi ya busa ƙaho.

Ta laluba waya. Wa za ta kira in ba Yaya ba?

"Yaya," ta ce da raɗa, "ruwa yana fitowa daga ƙasa. Murjanin nan yana ta ɗiga."

Sai muryar Naila, ƙasa-ƙasa.

"Wanki kika yi."

"Kaɗan ne."

"Na ce miki kar ki yi. Kin sa hannunki a ruwa da magariba, ya ji inda kike. Saurara. Kar ki cire. Komai kika gani, kar ki cire. A tudu ba shi da ƙarfi kraa, ko kaɗan. Ki daure zuwa gobe."

"Wane ne ba shi da ƙarfi?"

Ruwa ya taɓa yatsun ƙafarta. Sanyinsa ya haura har ƙugu.

"Yaya, wane ne?"

Naila ta yi ajiyar zuciya, irin ta wanda aka dama da tambaya.

"Uwata 'ya'ya suna ta mutu mata. Ta je wani ƙauyen masunta ta roƙo ni wajen mai ruwa, aljanin teku, aka ɗaura mini wannan tun ina jaririya. In zaren ya fara jiƙewa da kansa, to mai ruwa yana son abinsa. A jirgin farko na nuna mishi ke. Amma ni ya sani, da mun zauna a wancan jirgin ni zai bi. In an canza jirgi sai fuska ta ɓace mishi. Murjani kaɗai yake nema."

Awawu ta dubi murjanin da ke hannunta. Abin da ya soke ta ba tsoro ba ne. Ta tuna hannun nan da ya riƙe nata a saman teku, da yadda ta yi kukan godiya.

"Me ya sa ni?"

"Awawu, kar ki sa in faɗa."

"Faɗa."

"Ke ba ki da kowa a nan. In an ce kin faɗa ruwa, wa zai tambaya? Ni ina da yara."

Duk abin da Awawu ta taɓa gaya mata a kan kaɗaici, ashe ajiyewa take yi. Wayar ta suɓuce ta faɗa ruwa. Ruwan ya kai idon sawu.

Wani abu ya ƙwanƙwasa gilashin injin. Daga ciki.

Ta ɗaga ido. Zannuwanta suna shawagi a cikin baƙin ruwa. A tsakaninsu akwai gashi, dogo, yana yawo. Tafin hannu ya manne da gilashin. Yatsunsa sun fi na mutum tsawo, akwai fata a tsakaninsu.

Yatsa ɗaya ya lanƙwashe. Yana kiranta.

Hannunta na hagu ya yi nauyi. Zaren ya ɗame, ya nutse a cikin fata. Wani abu ya fizge ta ƙasa, ta faɗi a kan gwiwa. Ana jan ta zuwa ramin.

Murfin ƙarfen ba ya nan. Ramin ya yi faɗi, ba a ganin ƙarshensa.

Ta kama ƙafar benci da hannun dama. Bencin ya biyo ta.

"A'uzu billahi," ta ce, ruwa ya cika mata baki. Gishiri ne zalla.

Ta kai yatsu wajen ƙullin. Ya ƙi. Kuma ko a wannan hali sai da wani ɓangare na zuciyarta ya ce mata abin Yaya ne, ba a kwancewa. Haka tarbiyya take kama mutum.

Hannun ya shiga ramin har gwiwar hannu. A can ƙasa, wasu yatsu masu sanyi suka zagaye nata.

Ta tattara ƙarfinta duka ta fizgo. Ta dunƙule, ta cusa fuska a ruwa, ta sa haƙori a zaren.

Ta ciza. Ta ja. Wani abu ya shafa kumatunta.

Zaren ya tsinke.

Aka sake ta, ta faɗi ta baya. Murjani ya watse a daɓe, jajaye, suna tsalle. Babu wanda ya tsaya inda ya faɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo, suka mirgina zuwa ramin, har wanda ya shige ƙarƙashin inji sai da ya fito ya bi 'yan'uwansa. Ruwa ya bi su da wata doguwar zuƙa.

Injin ya ci gaba da juyawa. Motoci suka dawo kan Beltway. Awawu ta haura matakala da rarrafe, ba takalmi, ba waya, ba kaya. Maƙwabciyarta ce ta tsince ta a bakin ƙofa tana rawar sanyi, rigarta tana warin teku.

Ba ta je Baltimore ba. Jirgi ya tashi babu ita.

Da ta sami wata wayar, abin da ta fara gani hoton da Naila ta sa a shafinta ne. Tana tsaye a bakin ƙarfen sabon jirgi, ta rungumo wata matashiya da Awawu ba ta taɓa gani ba, da alama a layin shiga suka haɗu. Yarinyar tana dariya har haƙoranta duka a waje. A hannunta na hagu akwai murjanin nan, da sabon zare. Awawu ta kira Naila, ta sake kira, ta rubuta, ta nemi ofishin jirgin ta yi ta bayani da Turancin da ya ƙi tsayuwa. Matar da ta ɗauka ta saurare ta cikin ladabi, ta tambaye ta ko tana da lambar ɗakin fasinjar ko sunanta. Ba ta da ko ɗaya.

Tun daga ranar bakinta bai daina jin gishiri ba. Ko shayi ta sha sai ta ji shi, ba ta ƙara sa gishiri a miya ba. Wanki kuwa da rana tsaka take yi, a shago mai cike da mutane. In wani ya miƙo mata kyauta, sai ta ɓoye hannuwanta a baya.

Sun sake haɗuwa sau ɗaya, a wani bikin suna a Largo. Naila ta yi fes, ta ƙara haske, mata suna ta yaba mata hutun da ta yi. Awawu ta tashi za ta fita, Naila ta tare ta a bakin ƙofa, ta gyara mata mayafi a kafaɗa kamar yadda ta saba. Ta sunkuyo kusa da kunnenta.

"Yarinyar nan ta jirgi tana da uwa a Virginia," ta ce a hankali. "Har yau uwar tana zuwa tashar jirgi tana nuna wa mutane hotonta. Da ke ce, da babu wanda ya yi kuka. Ki duba abin da kika jawo."

Ta mayar da murmushinta, ta koma ciki wajen rabon abinci.